Noman ganyen cad a lambun gida: tambayoyi da amsoshi ga mutanen karkarar Kano da Jigawa

Waɗannan tambayoyi su ne ke yawan fitowa daga bakin masu son gwada wannan ganye: magidanci mai ɗan fili a bayan gida, uwargida mai shuka a buhu a tsakar gida, da mai lambu a bakin fadama da ke son ware fangali ɗaya don miyar iyalinsa. An fara da na farko-farko, sannan aka shiga masu zurfi. Kowace amsa tana iya tsayawa ita kaɗai, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Wane irin ganye ne cad, kuma me ya raba shi da alayyafo?

Ganye ne mai faɗi da kauri, mai ɗan sheƙi, kowanne a kan kara mai taushi da ruwa-ruwa, kuma duk suna fitowa ne daga gindi ɗaya. Karan wani iri fari ne, na wani ja, na wani ruwan ɗorawa. Asalinsa ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne. Shi da bitirut, wani kayan lambu mai jar saiwa, jinsinsu ɗaya, Beta vulgaris a wajen masana, sai dai shi bitirut saiwarsa ake nema, cad kuwa ganyensa. A Kenya da Afirka ta Kudu ganyen miyar yau da gobe ne, ana samunsa a kusan kowace kasuwa. In za ka saya, abin da za ka gani a jikin takardar irin shi ne Swiss chard.

Da alayyafo danginsu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. Alayyafo yana miƙewa sama, ya yi rassa, cikin 'yan makonni ya fitar da kai ya tsufa. Cad yana zaune a inda yake, yana ta turo sabon ganye daga tsakiya, wata da watanni. Babban bambancin da ya shafe mu shi ne na yanayi: alayyafo ɗan zafi ne, cad ɗan sanyi.

Ga alayyafo, ga zogale, ga rama da yakuwa. Me zai sa in wahalar da kaina da baƙon ganye?

Duk wanda ya taɓa shuka alayyafo a tsakiyar hunturu ya san yadda yake yi: ya tsiro da ƙyar, ya tsaya wuri ɗaya, ganyen ya ƙanƙance. Zogale ma a lokacin yakan kakkaɓe in ba ya samun ruwa, rama da yakuwa kuwa sai busassu da aka ajiye tun kaka. A daidai wannan taga ne cad ya fi jin daɗin rayuwa. Saboda haka ba a ce ka bar na gida ba. Abin da ake nufi shi ne gidan da ya haɗa biyun, cad daga Disamba zuwa Maris, alayyafo daga shigowar zafi har ƙarshen damina, da wuya ya rasa ɗanyen ganye a tukunya.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin aiki. Shuka ɗaya kake yi, ka yi ta yanka. Wanda filinsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Yaushe ya kamata in shuka?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, wato lokacin da manoman rani na Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja ke zuba irin latas da kabeji da karas. Cad ya fi girma da kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin salshiyas, kuma dararen hunturunmu da safiyarsa suna ba shi hakan. In ka shuka a farkon Nuwamba, za ka fara yanka wajen ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ka ci gaba har zafi ya kankama.

Wanda ya makara har Fabrairu zai iya shukawa, amma tsiron zai tarar da zafin Maris da Afrilu tun bai yi ƙwari ba, lokacin da rana ke kai digiri 40. Tsohon gindi mai zurfin saiwa yana iya jure wannan, jariri ba ya iyawa. Akwai ƙarin bayani a amsar da ta shafi bazara da damina.

Wane iri zan saya, kuma ta yaya zan san bai mutu ba?

In ka samu Fordhook Giant, shi za ka fara da shi. Kore ne shar, karansa fari mai faɗi, yana ba da ganye da yawa, kuma yana cikin waɗanda suka fi jure zafi. Lucullus ma haka yake, launinsa ne dai ya fi haske. Masu jan kara da masu launi-launi irin Bright Lights suna ƙawata lambu, yara ma suna sonsu, sai dai a ganina mai neman cika tukunya ya fara da farin.

Ka tambaya a shagunan masu sayar da irin kayan lambu a Kano, ko ka yi magana da malamin gona na yankinku, na KNARDA a Kano ko na JARDA a Jigawa. Ka duba kwanan watan da ke jikin takarda, kuma ka guji wadda ta sha rana a kan tebur har launinta ya koɗe. Irin yana iya shekara uku zuwa huɗu a wuri mai sanyi da bushewa, amma zafi yana kashe shi da wuri. Kafin ka zuba a fangali, ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa masa ruwa. In bakwai ko fiye suka tsiro cikin kwana 10, irin lafiyayye ne. In uku ne ko huɗu, sai ka ninka abin da za ka shuka, ko ka nemi wani.

Ƙasar gidanmu jigawa ce, rairayi zalla. Zai yi?

Zai yi, in ka ciyar da ita. Matsalar rairayi biyu ce: ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe abinci. Maganin duka biyun ruɓaɓɓen taki ne. Ka tona wurin zurfin da ya kai santimita 25 zuwa 30, ka zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi bokiti ɗaya zuwa biyu a kowace murabba'in mita, ka cuɗa su sosai, ka ba shi ruwa kwana uku ko huɗu kafin shuka. A rani fangali mai ɗan zurfi da aka yi wa baki ya fi kunya, domin ruwan yana tsayawa inda ake bukatarsa.

Mai laka irin ta fadama shi kuma damuwarsa kwanciyar ruwa ce da tauri in ta bushe. Shi ma takin ne zai sassauta masa ita, tare da ɗan rairayi ko ruɓaɓɓen ɓuntun shinkafa. Wani abin farin ciki ga mutanen wuraren da ƙasa ko ruwan rijiya ke da ɗan gishiri-gishiri: cad yana cikin kayan lambun da suka fi jure hakan, ya fi latas da albasa da karas nesa ba kusa ba. Ƙasar da kanwa ta fito fari fat a samanta dai, ita ba ta karɓar kowa, gara a debo ƙasa daga wani wuri a shuka a buhu.

Ba ni da fili ko kaɗan. Buhu ko tsohon bokiti zai wadatar?

Sosai ma, kuma mata da yawa da ba sa fita lambu ta nan za su fi cin moriyarsa. Ki samu buhun taki ko na shinkafa da aka wanke, ki naɗe bakinsa ya dawo tsayin kamu ɗaya, ki huda ƙasansa wuri biyar ko shida. Ki cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Buhu ɗaya gindi biyu, bokitin fenti gindi ɗaya. Kada zurfin ƙasar ya gaza santimita 25, saboda saiwarsa tana nutsawa.

Ki ajiye inda zai samu ranar safe har zuwa azahar. Ƙasar buhu tana saurin bushewa fiye da ta fangali, abincinta ma yana saurin ƙarewa, don haka abin da aka faɗa a amsoshin ban ruwa da taki ya fi shafar ki. Amfanin buhu kuma shi ne idan zafi ya zo sai a ja shi gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa.

Yaya ake shuka shi? Yafawa ake yi kamar alayyafo?

A'a. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa ake cuɗa shi da rairayi a yafa. Na cad manya ne, masu kaushi, ana ɗaukarsu da yatsa ɗaya-ɗaya. Ka jiƙa su a ruwa daga dare zuwa safe, saboda ɓawon yana ɗauke da wani sinadari mai jinkirta tsiro, jiƙon yana wanke shi. Sai ka binne a zurfin gaɓar yatsa ɗaya, santimita 1 zuwa 2, kada ya wuce haka. Tsakanin rami da rami santimita 30, tsakanin layi da layi santimita 35 zuwa 45. Ka sa ƙwaya biyu a kowane rami, ka danna ƙasar a hankali, ka yi ban ruwa da abin da ba zai tone irin ba, kamar gwangwanin da aka huhhuda. Yana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 14, kuma a cikin kwanakin nan kada saman ƙasar ya bushe ko sau ɗaya.

Ana iya rainonsa a wuri guda a dasa daga baya, idan ya yi mako uku zuwa huɗu, ya fitar da ganye huɗu. Da yamma ake dashe, a ɗauko shi da ƙasar gindinsa, a yi masa ɗan inuwa na kwana biyu ko uku.

Ƙwaya ɗaya na sa, tsiro uku suka fito. An gauraya mini irin ne?

Ba a gauraya ba. Abin da kake gani kamar ƙwaya ɗaya dunƙule ne mai ɗauke da 'ya'ya biyu zuwa biyar a ciki. Haka irin bitirut ma yake. Aikinka shi ne ragewa: idan tsiron ya kai tsawon yatsa, ka bar mafi ƙarfi guda ɗaya a kowane rami. Gara ka datse sauran da farce ko almakashi a daidai ƙasa, domin tumɓukewa tana girgiza saiwar wanda za a bari.

Mutane suna jin nauyin wannan aiki, suna ganin asara ce. Amma in ka bar su cunkushe, duka za su fito sirara, iska ba za ta ratsa su ba, ciwon ganye kuma ya samu wurin zama. Waɗanda aka datse ma ba a zubar da su, ana wanke su a zuba a kwaɗo.

Gindi nawa zai ishi gida?

Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana ɗaukar gindi 25 zuwa 30, kuma wannan zai ba gida mai mutum takwas zuwa goma miya sau biyu ko uku a mako idan ya kankama. Ƙaramin gida gindi 10 ya isa. Ka tuna ganyen yana shanyewa sosai a tukunya.

Ruwa nawa yake sha, kuma wane lokaci?

Nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa. Hunturu yana ruɗar mutum: gari da sanyi, sai a ɗauka ƙasa ba ta bushewa, alhali iskar busasshiya ce, tana zuƙe danshi da sauri. A ƙiyasi, kowace murabba'in mita tana bukatar wajen lita 5 zuwa 6 a rana, wato fangalin da aka ambata a sama zai sha kusan jarka ɗaya mai lita 20 kullum. A rairayi ka raba shi biyu, safe da yamma. A laka kana iya tsallake rana. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka cusa yatsa cikin ƙasa: in gaɓa biyu ta shiga ba ka ji danshi ba, lokaci ya yi.

A gindi ake zuba ruwa, ba a kan ganye ba, musamman da yamma. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne ke kamuwa da ɗigon da aka yi bayani a amsar cututtuka. Sannan ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ɓuntu, kaurin yatsa biyu zuwa uku, ka bar ɗan fili a kewayen gindin. Wannan rufin yana rage yawan ɗiban ruwa ƙwarai, kuma duk wanda ke jan guga ko buga tuƙa-tuƙa zai ga bambancin a jikinsa. In gara ta yi yawa a wurin, ka sa rufin ya zama siriri kana dubawa.

Cad da ke shan ruwa yau, gobe ya sha ƙishi, ganyensa yana tauri ya yi ɗaci. Yawan ruwan bai kai daidaituwarsa muhimmanci ba.

Zan iya amfani da ruwan wanke-wanke ko na kwata?

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa ko gero, da na ɗauraye kayan miya, duk suna da kyau, asara ce ma a zubar da su. Ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic yana lalata ƙasa a hankali. Ruwan kwata da duk wanda ya bi ta kusa da masai kuwa, kada ya kusanci ganyen da za a ci. Wannan ganye a ƙasa-ƙasa yake, ruwa yana fallatsa masa, wani lokaci kuma ɗanye ake cinsa. Ta irin wannan hanya ce taifot da tsutsar ciki da gudawa ke shiga gida, kuma yara ne ke fara kwanciya.

Wane taki ya fi, na gida ko na zamani?

Na gida ne ginshiƙi, da sharaɗin ya ruɓe. Kashin awaki da tumaki da na shanu a tara shi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, har wata uku zuwa huɗu, sai ya yi baƙi, warin ya tafi, yana marmashewa a hannu. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone tsiro, don haka kaɗan ake sawa kuma sai ya ruɓe sosai. Takin juji yana da kyau in an tsince leda da kwalba da tsofaffin batura. Batura musamman, domin abin da ke cikinsu guba ne da ke zama a ƙasa.

Da yake yanka ake yi a kai a kai, gindin yana bukatar ƙari. Bayan kowane yanka biyu ko uku, ka zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi ɗaya a kewayen kowane gindi. Mai son ƙarawa da na zamani, kamfa 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi guda, a binne shi nesa da gindin da faɗin yatsu huɗu, a bi da ruwa. Yuriya tana sa ganye ya yi kore da girma cikin 'yan kwanaki, shi ya sa hannu ke zarcewa. In ta yi yawa, ganyen yana yin laushin da ke jawo darɓa, kuma yana tara sinadarin naitiret, wanda yawansa ba shi da kyau ga jiki, balle na ƙananan yara. Rabin murfi ya isa, kuma kada a yanka sai bayan kamar mako biyu.

Yaushe zan fara yanka, kuma yaya ake yi don ya daɗe?

Manyan ganye suna isa yanka kwana 50 zuwa 60 bayan shuka. Mai son ƙanana masu taushi yana iya fara tsinka tun daga kwana 30. Ƙa'idar ɗaya ce tak, kuma ita ce sirrin noman gaba ɗaya: daga waje ake ɗiba, a bar zuciyar. Ka kama ganyen da ya fi girma a gefe, ka yanke karansa da wuƙa mai kaifi kamar yatsa biyu daga ƙasa, ko ka karya shi ta hanyar lanƙwasawa ƙasa da gefe. A kowane gindi ka ɗauki biyu zuwa huɗu, ka bar aƙalla biyar na tsakiya. Bayan mako ɗaya zuwa kwana 10 ka dawo.

Wanda ya saba da tumɓuke alayyafo ko datse shi gaba ɗaya sai ya riƙe hannunsa a nan, kuma ya gaya wa yaran da ake aika su ɗebo. Cad kamar saniyar tatsa yake, ba a yanka ta don nonon rana ɗaya. Kada kuma ka bar tsofaffin ganye su yi ta zama don kana jiran su ƙara girma. Suna tauri, suna kwanciya a ƙasa su ruɓe, suna kuma hana sababbi fitowa. Ko ba a bukatar miya a ranar, a cire su a ba maƙwabta. Da sassafe ake yanka, kafin rana ta sa shi ya yi yaushi.

Wasu fararen layuka sun bayyana a cikin ganyen, wasu kuma an cinye su. Mene ne?

Layukan da ke karkacewa a cikin naman ganye aikin wata 'yar tsutsa ce da ƙaramin ƙuda ke saka ƙwanta a jiki, tana cin ganyen daga ciki. Feshi ba ya isa gare ta sosai. Ka cire ganyen da abin ya kama ka ƙone ko ka binne, kada ka jefa a gefen fangali. In ka ga ganye ya naɗe da wani abu kamar yanar gizo, da koriyar tsutsa a ciki, wannan ita ce dai mai addabar alayyafo, domin dangi ɗaya ne kamar yadda aka faɗa a amsar farko. A ƙaramin lambu tsincewa da hannu da safe ya fi komai. Darɓa tana taruwa a bayan ganye da cikin zuciya, ana wanke ta da ruwa mai ɗan sabulun wanka.

In abin ya yi yawa, ga darbejiya a ƙofar kowane gida. Ka ɓare busassun 'ya'yanta, ka daka ƙwayar ciki, gram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma sama da ƙasan ganye. Ba ta kashewa nan take, hana ƙwarin ci take yi, don haka ana maimaitawa duk mako. Ka yanka kafin ka fesa, ka bar kwana uku zuwa huɗu, ka kuma wanke da kyau saboda ɗacinta.

Me zai hana in fesa maganin da nake fesa wa wake, ko fiya-fiya?

Don Allah kada ka yi. Waken gona yana da makonni kafin ya shiga tukunya, kuma a cikin kwanso yake. Wannan kuwa ganyen da ka fesa shi ne abin da 'ya'yanka za su ci jibi. Kowane maganin ƙwari na gaskiya yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikinsa da za a jira kafin girbi, kuma ganyen da ake yanka duk mako ba ya ba da wannan dama. Fiya-fiya da ire-irenta da ake sayarwa a kwalabe ba takarda, guba ce mai ƙarfi, wankewa ba ta ba da tabbacin ta fita. Lambun gindi 30 bai kai girman da hannu da darbejiya za su kasa ba. In ɓarnar ta fi ƙarfinka, ka kai ganyen wurin malamin gona ya gani da idonsa.

Ganyen yana yin ɗigo-ɗigo masu ruwan toka da jan baki, wani kuma yana rawaya.

Ɗigon nan ciwon ganye ne da danshi da ɗumi ke kawowa, shi ya sa ya fi yawa a damina da kuma inda ake watsa ruwa a kan ganye. Ka cire waɗanda suka kamu, ka buɗe tsakanin shuka, ka koma zuba ruwa a gindi.

Rawaya kuwa sai an duba. In tsofaffin ganye ne na ƙasa ke koɗewa kuma girma ya tsaya, yunwa ce, koma amsar taki. In ƙasar kullum a jiƙe take tana wari, ruwa ne ya yi yawa. In kuwa ga ruwa ga taki amma yana yaushi da rana, tumɓuke gindi ɗaya ka duba saiwar. Idan ka ga ƙulli-ƙulli a jikinta, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, wadda ke yawa a rairayin da aka daɗe ana shuka tumatir da kuɓewa. Wannan wurin sai a huta da shi, a sa albasa ko masara, a ƙara masa taki. Ko ba ciwo ma, bai kamata cad ya bi sawun cad ko alayyafo ko bitirut a fangali ɗaya shekara da shekara ba.

Kaji da awaki fa?

Shinge kafin shuka, ba bayanta ba. Dangar kara mai tsayi tana tare akuya, tana kuma rage kaifin iskar hunturu. Kaji da ƙadangaru da tsuntsaye sun fi ɓarna a kan sabon tsiro, tsohon gidan sauro da aka ɗora a kan 'yan sanduna yana maganinsu har da fara.

Zai rayu a bazara da damina?

A bazara yana iya rayuwa in an taimake shi. Daga tsakiyar Maris ka kafa masa rumfar kara mai shara-shara wadda za ta tare ranar azahar zuwa la'asar, ka ƙara kaurin rufin ƙasa, ka yi ban ruwa safe da yamma. Ganyen zai ƙanƙance, ɗanɗanonsa ya ƙara ƙarfi, don haka a riƙa yankansa yana ƙarami. In ruwa yana wahala a garinku a wannan lokaci, shawarata ita ce ka cinye abin da ya rage a Afrilu, ka juya fangalin ka zuba alayyafo, wanda shi zafin ne abincinsa.

A damina kuma kunya mai tudu ake yi maimakon fangali, domin ba ya son ƙafarsa a ruwa. Yuni da Yuli yana iya yi, amma ruwan Agusta da ciwon ganye da fara sukan gajiyar da shi. A lokacin ma ga lalo da tafasa da rama ko'ina, ba a rasa ganye ba.

Zan iya ajiye irinsa kamar yadda nake ajiye na alayyafo?

Da wuya. Cad shuka ce mai zagayen shekara biyu: shekarar farko ganye, sai ya ratsa sanyi mai tsanani na makonni da yawa, ƙasa da digiri 10, sannan ya yi fure a ta biyu. Hunturunmu ba ya kai wannan tsanani da tsawo, domin ko dare ya yi sanyi rana tana dumama gari. Wannan ne ma dalilin da ya sa yake daɗewa yana ba mu ganye bai tsufa ba. In wani gindi ya fitar da kai saboda wahala, ba shi ne abin ajiye iri daga gare shi ba. Abin da ya fi shi ne ka adana ragowar wanda ka saya: a kwalba mai murfi, a wuri mai duhu da sanyi a cikin ɗaki, nesa da kwanon rufi. Takarda mai gram 10 tana ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyi, ta ishi gidaje da dama su raba.

Yaya ake dafa shi?

Duk inda alayyafo ke shiga, shi ma yana shiga: miyar taushe, miyar gyaɗa, miyar agushi, faten tsaki, dambu, dafa-duka. A raba kara da ganye. Karan a yanka ƙanana a sa tare da albasa tun farko, domin ya fi daɗewa kafin ya nuna, ganyen kuma a zuba a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi. Ba ya bukatar kanwa, da kansa yake laushi, kanwar ma tana lalata wasu bitamin da ke cikinsa. Don kwaɗo, a tafasa shi sama-sama, a matse, a haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Mai jan kara yana rina miya kaɗan, ba lalacewa ba ce.

Akwai wanda bai kamata ya ci ba?

Ga yawancin mutane abinci ne mai kyau, yana da bitamin A da C da K da sinadarai irin su magnesiyam da fotasiyam. Amma mutum uku su yi hattara. Wanda ya taɓa fama da tsakuwar ƙoda, saboda ganyen yana da sinadarin okzalet da yawa, kamar yadda alayyafo ma yake da shi. Tafasawa a zubar da ruwan tana rage shi. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin, domin bitamin K yana rage ƙarfin maganin. Da wanda ƙodarsa ta yi rauni aka hana shi abinci mai fotasiyam. Waɗannan su tambayi likitansu kafin su mai da shi abincin kullum.

Mai juna biyu ta ci abinta, sai dai kada a ce mata ya maye gurbin maganin ƙarin jini da ake ba ta a wajen awo. Yana da sinadarin ƙarfe, amma jiki ba ya ɗaukar mai yawa daga cikinsa.

In ya yi yawa, yaya zan adana shi, kuma akwai kasuwarsa?

Bayan yanka yana saurin yaushi. In an naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle aka ajiye a gindin randa, zai kai kwana biyu. Tukunya cikin tukunya, wadda ake zuba jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana ƙara masa kwanaki. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma a busasshiyar iska irin ta rani ta fi aiki. Ana kuma busar da shi: a tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na minti biyu, a tsane, a shanya a inuwa inda iska ke bi, ba a rana ba.

Kasuwa kuwa, kada ka cika lambu da shi kana sa ran dillalan kasuwar 'Yankaba su kwashe kamar latas, domin mutane ba su saba da shi ba tukuna. Masu neman sa sun fi yawa a cikin birni, wajen gidajen abinci da manyan kantuna. In kana da niyyar sayarwa, ka fara kai samfur ka sami mai saye tsayayye, ku daidaita kan adadin da zai riƙa karɓa duk mako, sannan ka ƙara fangali. Ka riƙa yanka da asuba, ka ɗaure shi dami-dami, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya isa hannun mai saye kafin hantsi.